Ni Na Goge Jan Ɗigon, Baba Kura

Ranar Alhamis, 28 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Kura a gidansa da ke Kazaure, bayan jinyar kwana biyar. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Ina tsakar gida ina shanya wanki Manasseh mai gyaran rediyo ya kira ni ya faɗa mini. Na zauna a kan bokiti ina ta maimaita cewa mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Bayan sallar azahar aka sallace shi aka kai shi makwancinsa.

Yau kwana ashirin ke nan, Baba. Sau uku ina zama in rubuta maka ta'aziyya ina yagewa, domin duk wadda na rubuta sai ta fito sumul, kamar ta mutumin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Kai kuwa ka ɓata mini rai, har yanzu ban gama hucewa ba, kuma na san da kana raye ba za ka so in yi maka ƙarya ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Kura ya yi shekara talatin yana kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a wata makarantar sakandare. Da ya yi ritaya sai ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, ya ce duk mai sha'awar haɗa abu da hannunsa ya zo ranar Asabar. Ya zaɓi Asabar ne don kada masu Juma'a ko masu Lahadi su rasa zuwa. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan acaɓa, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai Manasseh, ga ni kuma, Bahijja, malamar firamare. Sunan da muka raɗa wa kanmu Zauren Asabar, amma mutanen gari 'Yan Warwara suke ce mana, kuma suna da hujja.

Na tuna ranar da na fara zuwa, Baba. Tocila na kawo ta lalace, ina so a gyara mini in tafi. Ka miƙo mini sukurdireba ka ce in buɗe ta. Na ce ban iya ba, ina tsoron in lalata. Ka ce, "Ai ta riga ta lalace, 'yata. Me kuma ya rage da za ki lalata?" Ranar ban koma gida ba sai bayan la'asar, hannuna duk baƙi, tocilata tana haske.

Tun daga nan ban san iyakar garuruwan da muka bi ka ba. A wani ƙauyen Roni mun zauna da ungozomomi sun haɗa fitilu da tsofaffin batiran kwamfuta. A Babura masu sayar da tumatir sun koyi sa randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayansu suka daina ruɓewa da wuri. A Achilafiya murhu muka gina da mata, mai cin itace kaɗan. Kullum kana bayan babur ɗin Manasseh, buhun gwangwanaye a tsakaninku yana ƙara, kana yi masa faɗa a kan gudu. Shekarar da ruwa ya shiga shagonsa ya lalata masa kayan aiki, kai ka kwashe naka ka kai masa tun kafin ya buɗe baki, kuma ba ka taɓa tambayar ranar da za su dawo ba.

Amma kana da doka, kuma dokar nan ce ta kawo mu inda muke yau. Duk abin da aka haɗa a rumfa, kafin a watse sai an warware shi, a goge kowane ƙarfe da kalanzir, a kankare duk alamar da wani ya yi, a mayar da komai gwangwaninsa. In za mu je ƙauye, a warware muke kai abu, masu amfani da shi su haɗa da hannunsu, sannan ya zama nasu. Ka ce ka gaji da ganin injinan da ake kawo wa mutane a haɗe, noti ɗaya ya faɗi su zama wurin kwanan awaki. Ba a rubutu, ba a ɗaukar hoto. Da na yi gardama ka ce, "In kin rubuta, takarda ce ta iya, ba ke ba." Don tsokana ka naɗa ni sakatariya, na yi shekara takwas a muƙamin ban taɓa riƙe littafi ba. Abin haushi, daga baya ni na fi kowa tsanani a kan dokar. Har waya na taɓa ƙwacewa a hannun wani saboda ya ɗaga ta zai ɗauki hoto.

Shekara biyu da suka wuce Fatu ta zo maka da bukata. Ita ce shugabar matan Gwiwa masu kiwon zabi. Ta ce zabi a damina kawai suke ƙwai, kuma ba su iya kwanci ba, sai dai a sa wa kaza. Kaza ɗaya kuwa ƙwai nawa za ta rufe? Sauran sai a dafa a kai tasha. Ta tambaya ko akwai abin da zai yi musu aikin kaza goma a lokaci ɗaya. Ka ce a ba ka lokaci. Ka samo mataccen firij, ka sa masa sola da batir da ƙwan fitila da 'yar fanka, da wani tsohon ma'aunin zafi na gilashi da makarantarku ta zubar tun tuni. Da yake ƙwai ba ya jure a warware masa ɗaki duk Asabar, a cikin gida ka yi wannan aikin kai kaɗai. Mu dai labari muke ji. A watan Yuli ka sa ƙwan kaji talatin, ashirin da shida suka ƙyanƙyashe. Ka aika wa Fatu cewa su fara tara ƙwai, ranar 30 ga Agusta za mu zo Gwiwa su haɗa injinsu. Gidaje goma sha bakwai suka daina dafa ƙwai saboda maganarka.

Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarka aka fito da injin rumfa. Kana cikin nuna mana yadda iska ke zagayawa jiri ya ɗebe ka, aka shigar da kai gida. Mun ɗauka gajiya ce. Da la'asar ta yi sai muka yi abin da muka saba. Manasseh ya ɗan tsaya ya ce, "Malama, wannan kam mu bar shi haka sai Baba ya fito. Ko mu ɗau hoto ko guda ɗaya." Na ce masa doka ba ta da wannan kam. Ni na zare ma'aunin zafin. Na ga wani ɗan jan ɗigo a jikin gilashin, irin na jan farcen mata, na ɗauka alamar ɗan koyo ce. Na jiƙa tsumma da kalanzir na goge shi tas, har ina jin daɗin na yi aiki mai tsafta.

Ranar sadakar uku Fatu ta zo gaisuwa. Ba ta ce komai a kan ƙwai ba, ni ce na ja ta gefe na tambaya. Ta ce ɗari da arba'in ne, suna cikin ƙaiƙayi a wuri mai sanyi. Ƙwan da za a ƙyanƙyashe kuwa in ya daɗe a ajiye yakan mutu. Na ce ta aiko da su, ba za mu bari alkawarinka ya faɗi ba. Muka taru kwana uku muna haɗawa. A nan dole in ba ka gaskiyarka: kowa ya tuna abin da hannunsa ya kwance, injin ya tashi, fanka ta juya, fitila ta kama. Batun zafi ne babu wanda ya sani. Muka duba a waya, aka ce digiri talatin da bakwai da rabi. Muka daidaita har ma'aunin ya nuna haka daidai, muka jera ƙwai ranar 3 ga Satumba, muka raba wa juna ranakun juya su.

Da suka kwana goma muka shiga ɗakin ajiyarka, muka rufe ƙofa da taga, muna haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Mai rai za ka ga jijiyoyi sun bazu a ciki. Manasseh ne ke haskawa, ni ina warewa. Tun yana faɗin "babu" da baki har ya koma girgiza kai kawai. Ashirin da uku ne masu rai, dukkansu waɗanda ke layin bakin ƙofar injin, inda iska ke ɗan shiga. Ɗari da goma sha bakwai sun zama baragurbi.

Na shiga cikin gida wurin matarka, Inna Yagana, tana zaune a ɗakin takaba, na faɗa mata ina kuka. Ta dube ni ta ce, "Kun kuwa gwada gilashin nan a ƙarƙashin kaza?" Na ce wace kaza? Ta ce mako guda ka yi kana tura shi ƙarƙashin kazarta mai kwanci, kazar tana saran hannunka har jini, kana cewa gilashin tsoho ne, ya fara ƙarya. Inda zafin kazar ya tsaya, nan ka ɗiga jan farcen da ka ara a wurin 'yarka Nana Aisha. Muka nemo kaza mai kwanci a maƙota muka gwada. Ma'aunin ya hau ya tsaya ƙasa da talatin da shida, daidai wurin da na goge. Ashe kwana goma muna dafa ƙwan mutane a hankali, muna juya su sau uku a rana da bismillah.

Baba, magana ɗaya ce fa. Da ka ce mana gilashin nan yana ƙarya, shi ke nan. Kana ganina duk Asabar, kana shan shayi da Manasseh kusan kullum, amma ka riƙe ta a cikinka. Na san abin da ka shirya. So kake sai an je Gwiwa ka sa mata su tura gilashin ƙarƙashin kaza da kansu, su gano, kai kana gefe kana murmushin nan naka. Haka kake koyarwa, kuma da daɗi in malami yana nan. Amma kana da hawan jini, ka san kana da shi, kana ɓoye magani a gwangwanin kusoshi don kada Inna ta ga ba ka sha ba. Mutum mai shekara sittin da takwas bai kamata ya ajiye abin da gidaje goma sha bakwai suka dogara da shi a cikin kansa kaɗai ba. Wannan na faɗa maka, ko da ba ka ji.

Washegari na hau mota zuwa Gwiwa, domin ban ga dacewar a faɗi irin wannan a waya ba. Na sami Fatu tana watsa wa zabinta dawa. Na faɗa mata komai, har da tsumman kalanzir. Damina ta kusa ƙarewa, zabi sun fara rage ƙwai, mu biyun mun san babu zubi na biyu a bana. Ta watsa sauran dawar da ke hannunta. Can ta ce, "Malama, ranar da kuka sa ƙwan nan, me ya hana ku kira ni? Shekara talatin hannuna yana ƙarƙashin kaza. Da na sa hannu a injin nan da na gaya muku zafin ya yi yawa. Ba cewa aka yi mu za mu haɗa da kanmu ba?"

Gaskiya ta faɗa, Baba. Na je ne da haushinka, na dawo da haushin kaina, wanda ya fi shi nauyi. Na kiyaye maka goge alama, na kiyaye maka hana hoto, amma abin da ya sa ka kafa dokar tun farko, wato masu abu su sa hannu a abinsu, shi muka tsallake saboda muna sauri mu cika maka alkawari. Muka haɗa musu inji a Kazaure kamar waɗanda kake zagi, muka ce su aiko da ƙwai su jira.

Fatu ba ta jira ba wannan karon. Ranar Litinin ta iso Kazaure da 'yar jakarta, ta sauka a gidan ƙanwarta, ta karɓi makullin rumfa a hannuna. Ita ke juya ƙwai ashirin da ukun nan yanzu. Ba ta ko kallon gilashin, bayan hannunta take sawa ta ce a rage ko a ƙara, Manasseh yana murɗawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yagana, da 'ya'yanka Kashim da Nana Aisha, da jikoki da dangi na nan da na Borno, da 'yan Zauren Asabar baki ɗaya, musamman Manasseh wanda har yanzu bai cire igiyar ɗaure buhunka daga babur ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Baba Kura, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Duk hannun da ya koya wa aiki, Ka sa ladan ya riƙa isa gare shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen in lokacinmu ya yi. Amin.

Abin da ke tsakanina da kai, Baba, na yafe, duniya da lahira, kuma ina fata ka tafi kana mai yafe mini rashin kunyar da na sha yi maka. Jiya na roƙi Fatu ita ma ta yafe mini. Tana durƙushe gaban injin, ba ta juyo ba, ta ce, "Za a yi wannan maganar, Malama. Bari mu ga abin da zai fito tukuna."

Saura kwana goma sha huɗu ƙwan su ƙyanƙyashe.