Salansar da Auwalu Ya Toshe

Auwalu mai walda ba ya wahala wajen gane motar da aka taɓa. Rumfarsa na bakin hanyar Kankiya zuwa Kusada, tun yana saurayi yake wurin, har wutar walda ta rina masa idanu. Irin motocin nan kamanninsu ɗaya: an rage musu tsayi har cikinsu na neman shafar ƙasa, gilashi baƙi wuluk, salansa a fashe tana ruri kamar injin niƙa. Yawancin salansar shi ya fasa su da hannunsa. Samari ke kawowa in biki ya matso, don ranar kai amarya sai an yi tsere.

Bai taɓa yi musu wa'azi ba. Cewa yake baki ba ya gyara ƙarfe.

Can gaba akwai wata kwana inda burtali ya ratsa kwalta. Nan Bube makiyayi ke tsallakar da shanunsa kullum da la'asar. Auwalu ya san shi, don wurin matarsa yake sayen nono.

Ana gobe za a kai amarya Kusada, sai ga Manu, ɗan yayar Auwalu, da jar motarsa.

"Kawu, ƙara buɗe mata maƙogwaro. So nike tun daga nan mutanen Kusada su ji ni."

"Birkinka fa?"

"Birki ai na matsorata ne."

"Bar makullin. Ka dawo da safe."

A lissafin Auwalu, ƙarar ce ke zuga yaran. In mota ta yi shiru, jinin mai ita zai kwanta. Ya cire fasasshiyar salansar, ya liƙa lafiyayya. Da safe Manu ya yi ta mita, wai an mayar masa da mota ta liman. Amma lokaci ya ƙure, ya ja abarsa.

Gudun dai bai fasa ba. Da la'asar labari ya iso rumfa cewa Manu ya kwashe karsanar Bube a kwanar burtali. Shi ya karye a hannu, Bube ya sha da ƙyar, karsana kuwa nan bakin hanya aka sa mata wuƙa.

Washegari Auwalu ya je ruga jaje. Bayan gaisuwa Bube ya ce, "Malam Auwalu, ni ba da ido nake tsallaka kwaltar nan ba, kwana ta rufe. Da kunne ne. In na ji rurin motocin yaranku daga nesa, sai in tare shanu. Jiya masu ƙara suka wuce, na saurara, shiru, na kora. Wannan kuwa kamar maciji ta zo."

"Ni na toshe ta," in ji Auwalu.

Bube ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba."

"Ara mini amalanke da bijimai gobe," in ji Auwalu.

Ya sanar da mai unguwa, suka yi ta jidar marmara shi da Bube, suka daɓe tudu a kowane ɓangare na kwanar. Babbar mota kan rage gudu ta haye. Amma motar da aka rage wa tsayi dole ta bi a karkace, a hankali kamar mai ciwon baya, in ba haka ba ta bar salansarta a kan titi.

Masu barin ta kan tsinto, su kawo wa Auwalu. Ya kan karɓa ya liƙa, ko a fashe suke so ko a toshe, ba ya musu. Tseren bai mutu ba, ya dai koma wata hanyar, kuma Auwalu ya san haka. Abin da hannunsa ya kai shi ne kwanar nan. Duk damina ruwa kan wanke tudun, shi kuma ya rufe rumfa, ya saɓa shebur, ya je ya mayar.