Agogon Matarsa a Rana

A rumfar caji ta tashar Bodinga, wani dattijo mai laka har ƙauri yana jujjuya agogon zamani, yana neman inda ake soka igiya. Babu. Mai rumfa ya ce sai da ɗan faifan cajinsa, shi kuwa sai Sakkwato.

"Na matata na," in ji dattijon. "Shi ka gaya ma ɗiyarmu in bugun zuciyar uwarta ya tashi. An ce bai son igiya, to mi shika so?"

Da alama kwance ya baro matar. Ga shi can tsugunne a rana, ya miƙa agogon sama kamar fitilar sola, gumi na bin gemunsa. Bini-bini ya leƙa. Gilashin baƙi ƙirin, ba abin da ke ciki sai fuskarsa.