Mai Soso da Rabin Farantin Baba

Ni mutum ne mai yawon gidajen abinci, ba na ɓoyewa. Gyaran firji ne sana'ata, don haka ta ƙofar baya nake shiga, ina ganin abin da masu zama a gaba ba sa gani. Akwai gidan da in ka leƙa madafarsa ba za ka ƙara kai cokalinsu baki ba, akwai kuma wanda sai ka cire musu hula. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai firjin da ke kusa da tukunya kaɗai nake iya gyarawa.

A wani ɗan gidan abinci da ke bayan tashar mota na san Mai Soso. Tebur tara ne da fanka biyu, ɗaya ma sai an tura ta da sanda take tashi. Mai Soso ba ta dafa ko ruwan zafi a wurin. Wanke-wanke ne aikinta, shekara ashirin da huɗu, tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Da wannan soson ta aurar da biyu, ta kai na ukun makarantar koyon jinya. Gajeriya ce, hannuwanta sun yi fari sun tattare saboda ruwa da sabulu, kullum tana tsaye gaban baho biyu a ƙarƙashin wata 'yar taga. Masu cin abinci ba su san da ita ba, ita ma ba ta san fuskar ko ɗaya ba.

Dokokinta biyu ne: ba a ɗora mata faranti kan faranti, ba a kuma kankare saura sai ta gani. Masu kai abinci sun sha faɗa a kan wannan har sun haƙura. Kowane faranti sai ta karkata shi wajen taga ta dube shi, sannan ta yi magana ba tare da ta waiwaya ba. Ta ce wa mai girki gishiri ya yi yawa yau, ko naman bai nuna ba. Ta ce mutumin nan mai ware albasa gefe ya dawo bayan wata biyu, a gaishe shi. Ranar farko ina durƙushe bayan firji na yi dariya, na ce Inna ko duba kike yi ne? Ta ce ba duba ba ne, kowa sai ya ce abinci ya yi daɗi don kunya, ita kuwa abin da suka bari take tambaya. Na ɗauki maganar a matsayin surutun tsofaffi na ci gaba da aikina.

Sai Babanmu ya kamu da ciwon shanyewar jiki. Allah ya sa da sauƙi, ya tashi yana tafiya yana magana, amma abinci ya gagara. Wata uku, duk abin da aka sa masa rabi yake ci. Wandunansa suka fara zamewa, ƙashin wuyansa ya fito. Likita ya ce in ramar ta ci gaba za a kwantar da shi a sa masa robar abinci ta hanci, Baba kuwa ko warin asibiti ba ya so. Mama ta sauya girki iri-iri, ta koma tana kuka a madafa, wai hannunta ne ya daina yi masa daɗi.

Ni da nake ganin na san kan abinci, na ce a bar min shi. Na kai shi gida biyar a sati biyu, har da irin wanda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a jera maka cokula kamar za a yi maka tiyata. Ko'ina rabi. A na biyar raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya dube ni a sanyaye ya ce ai ya cinye. Na ce a raina taurin kai ne na tsufa.

Wata Talata da azahar aka kira ni gidan abincin su Mai Soso, firji yana zubar da ruwa. Na tafi da Baba don kada ya wuni shi kaɗai. Da na gama aka kawo mana shinkafa da kifi. Baba ya ci rabi, ya ajiye cokali, ya yi hamdala. Mai kai abinci ta kwashe, ni kuma na zuba tagumi ina tunanin robar nan.

Ba a yi minti biyu ba labulen madafa ya ɗaga. Mai Soso ce, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, riƙe da farantin Baba. Uwar gidan abincin ta miƙe tsaye, don a duk shekarun nan ba ta taɓa ganin ta ƙetare labulen ba. Mai Soso ta tambaya farantin na wane ne, aka nuna mata. Ta rusuna ta gaida Baba, sannan ta juyo kaina.

"Mai Firji, wannan bawan Allah bai ƙoshi ba," in ji ta. "Wanda ya ƙoshi yakan taɓa nan ya taɓa can, ya bar shinkafa a warwatse. Dubi nan. Ɓangaren dama ya share shi tas, ko ƙwaya babu, har miyar ya kankare da cokali. Na hagu kuwa ko taɓa shi bai yi ba, ga kifin nan yadda aka sa shi. Mai jin yunwa ne ya ci wannan."

Na duba. Layi ne miƙe a tsakiyar farantin kamar an yanka da wuƙa. Wata uku mu duka muna kallon rabin da ya rage, babu wanda ya kalli rabin da ya tafi.

Ta ajiye farantin a gaban Baba, ta sa yatsu biyu ta juya shi, abincin ya koma hannunsa na dama. Baba ya sunkuya, fuskarsa ta washe.

"Ƙari aka yi min? Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ya ɗauki cokali ya cinye, har ƙayar kifin ya tsotse. Na sha ganin gwanaye a madafa, amma ban taɓa jin kwarjinin mutum ya cika min ido kamar na matar nan mai jiƙaƙƙen zane ba. Kafin in haɗa kalmar godiya ta koma bayan labule, ina jiyo ta tana yi wa wata faɗa a kan ta ɗora mata faranti kan faranti.

Washegari muka koma asibiti na ba likita labari. Ya yi wa Baba 'yan gwaje-gwaje da takarda da biro, ya ce haka ne, irin wannan ciwon yakan sa mutum ya daina lura da duk abin da ke gefe ɗaya, alhali idonsa lafiya lau. Ya ce a riƙa juya masa faranti, zancen roba kuma a bar shi tukuna.

Muna zaune a bencin baranda muna jiran magani, na tambayi Baba me ya hana shi cewa a ƙara masa tun tuni. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Na ɗauka likita ne ya ce ku rage min," ya ce. "Na ga uwarku tana ta wahala da ni, ban so in ƙara mata da ƙorafi ba. Amma wallahi kullum da yunwa nake tashi."

Sai da aka kira lambarmu har sau biyu sannan na miƙe.