Wadda Ta Kwanta a Makara

Duk wanda ya girma a Zongon Lome ya taɓa yi wa Zahida kuka, ko da yanzu zai murje ido ya ce bai yi ba. Tana 'yar shekara goma sha biyar Sabiru mai ɗaukar hoton biki ya ce zai yi fim, ya ɗauko ta daga gindin tukunyar kokon uwarta. Aikinta kawai ta yi tari, ta yi murmushi, ta mutu. Shi kuma Sabiru, da yake ɗan maƙo ne, maimakon ya sa kafinta ya haɗa masa katako, sai ya lallaɓa ya aro makarar unguwa ta gaske. Aka naɗe yarinya da farin yadi aka kwantar da ita a ciki.

Fim kuwa ya karɓu. Daga unguwar Hanoukopé har ta Kégué faifan ya zaga, masu babur ɗin haya suna tsayawa su gaishe ta, matan da ko Hausa ba sa ji suna rungume ta a kasuwa. Uwarta, Mma Asiyatu, sau ɗaya ta kalla. Ta tashi ta fita, ta yi kwanaki ba ta dama koko ba.

Abin haushi, masu fim ba su ga komai a jikin Zahida ba sai iya mutuwa. Ta mutu da zazzaɓi, ta mutu a teku, ta mutu wajen haihuwa. Ta roƙa a bar ta ta kai ƙarshen fim da ranta ko sau ɗaya, aka ce jama'a ba za su saya ba. Da kumatun ƙuruciya suka zube, sai aka samo wasu yaran. Mutanen unguwa kuma, waɗanda suka fi kowa shan kuka, su ne suka koma janye jarirai in ta shigo gidan suna, wai ta kwanta inda ba a tashi. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ta shanye, ta koma kan tukunyar koko.

Yanzu ta haura talatin, Mma kuma tsufa ya cinye mata tunani. Ta manta mijinta, ta manta garin iyayenta, abu ɗaya ne ya tsaya mata daram: ta ga 'yarta cikin makara. Zahida ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, amma a wurin tsohuwa wata baiwar Allah ce da maƙwabta suka turo. Babu abin da Zahida ke nema a duniya illa uwar ta dube ta ta kira sunanta. Ta nuna mata tabon ƙunar da ke ƙafarta, ta kawo dattawan unguwa suka yi shaida, duk a banza.

Ran nan da hantsi tana taje mata kai, sai tsohuwa ta kama hannunta, ta daɗe tana duban fuskarta. Zahida ta ajiye matajin.

"Mma, ni ce. Zahidarki ce."

Tsohuwa ta shafa mata fuska cikin tausayi ta ce, "Allah sarki. Da 'yata ta rayu, irinki na so ta zama. Amma ita fim ta bi, ta tafi ta bar ni. Ki riƙa sa ta a addu'a."

Zahida ta ce to, za ta riƙa yi. Ta ɗauki mataji ta ci gaba.