Mitar da Ta Kusa Raba Ni da Mijina a Dutse

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ina amarya mai ji da kanta, haifaffiyar birnin Kano, bakina kuwa ba ya hutawa. Aka dawo da aikin maigidana Dutse, muka kama hayar ciki da falo a Yalwawa. Tun ranar da na sauko daga mota na fara mita. Ruwa sai an jira 'yan garuwa, duwatsu suna gasa mutum da rana, kasuwar ba ta kama ƙafar ta unguwarmu ba. Ya kawo nama in ce ƙashi ne, ya kawo atamfa in ce ta ƙauye ce. A hankali mutumin da ke shigowa da raha ya koma daga sallama sai cin abinci sai fita. Ni kuwa na ɗauka miskilanci ne.

Wata rana ya ɗauko mini babbar randa tun daga Buji a bayan babur, don in daina kukan shan ruwan zafi. Na kalle ta na ce bakinta a karkace yake. Matar mai gidan da muke haya, dattijuwar da muke kira Inna, ta ga shigowarsa. A al'ada, idan miji ya yi wa mace abin arziki, takan nuna wa manya ta ce a taya ta godiya. Inna ta jira ni ta ji shiru, sai ta tare shi a zaure ta gode masa a madadina. Washegari ta kira ni, ta ce ya gaya mata wannan ce godiyar farko da ya ji a gidansa, ita ma daga bakin maƙwabciya. Ya kuma ce mata ya gaji da riƙe 'yar mutane inda ba ta jin daɗi, bayan salla zai mayar da ni gidanmu. Ni kuwa ina son mijina, ban taɓa kawo rabuwa a raina ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi kullum da hantsi in zo mata da abu ɗaya da za ta taya ni godiya a kai, komai ƙanƙantarsa. Da farko na sha wuya, in tsaya a ƙofarta ina sosa kai tana yi mini dariya. Dole ta sa na fara lura: maigidana ya gyara mini murhu, ya tsaya ya sayo dabino don ya san ina so, ya rufe ni da zane da zazzaɓi ya kama ni. Da idona ya saba da neman alherinsa, sai na rasa wanda zan fara faɗa. Na soma gode masa da bakina, da kunyar da komai. Dutse ba ta canza ba, amma na daina tashi da ƙunci a zuciya. Salla ta zo ta wuce ina fargabar maganar tafiya, sai ya tambaye ni ko mu nemi fili a nan mu gina. Na shige ɗaki na yi sujada ina kuka.

Abin da na koya shi ne, mai mita yana zaton wahalarsa yake faɗa, alhali ƙara wa kansa ita yake yi. 'Yan'uwa, ku gode wa mutanen gidanku tun suna da sauran ƙarfin yi muku. Ni na yi sa'ar maƙwabciya. Ba kowa ke samun wanda zai gaya masa an kusa haƙura da shi ba.