Sandar da Na Yi wa Jirgina

Ƙaramin jirgina na shawagi bisa gonarmu ta Lambara, rimot na hannuna yana ƙara, sai Baba ya ce, "Sanusi, wanga kuka na mi na?"

Baba ya daɗe da rasa ganinsa. Bai taɓa ganin jiragen da nake ƙerawa ba, ƙarar faɗuwarsu kawai yake ji. Biyu na farfasa wajen sauka.

Na ce masa na'urar nan ce mai kuka in mota na ribas, na ɗaura ta ƙarƙashin jirgin, kukan kuma na fitowa ta rimot. Yana kusantar ƙasa, kukan na ƙara sauri.

Ya yi dariya. "Ashe sanda kay yi mai irin tawa! To yi shiru, ni za ni sauke shi."

Ya karkata kunne. "Sannu dai... rage wuta... yanzu!"

Na bi maganarsa. Tayoyin suka taɓa ƙasa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Na kawo masa, ya shafa shi tun daga hanci har wutsiya.

Ni mai idanu na fasa biyu, Babana ya sauke wannan da kunne. Jama'a, tsakaninmu wane ne matuƙin?