Tarwaɗar Gidimuni

Mahaifina shi ne sarkin ruwan Gidimuni. Tafkinmu dogo ne, kwance tsakanin tuddan rairayi, dabino da rake sun kewaye shi. Ta gabas kacalla ta yi duhu, nan kifi ke zuba ƙwai, nan kuma tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya ke sauka. Da ruwan farko ya faɗi, Baba yakan kafa sanda a bakin gaɓa, ba mai sake jefa taru sai an yi girbi.

Na yi aure a Damagaram ba da daɗewa ba bayan zuwan Nasara. Maigidana shi ke dafa wa kumandan abinci a bariki. Wata rana da rani na je ganin gida, da zan dawo Inna ta sa mini tarwaɗa masu rai cikin tulu, don tarwaɗa na jure tafiya in dai akwai ruwa a kanta. Na iso ina ɗoki. Ni ce na ce wa maigida ya ɗauki babbar ya dafa wa mutumin nasa, ya san ƙauyenmu ma da abin kirki.

Da la'asar ya dawo yana dariya.

“Ya cinye tas,” in ji shi. “Har ya tambayi inda aka samo ta.”

“Ka faɗa masa?”

“Na ce tafkin surukina ne.”

Ranar na yi ta ba maƙwabta labari.

Ba a jima ba aka tura gardi, dogarin bariki, Gidimuni da umarni: kowace kasuwa a kawo wa bariki kifi mai rai. Ba biya, aikin tilas ne. Jaki yana girgiza tulu kifin ya mutu, don haka sai a ka za a ɗauko, cikin rairayin nan mai cin ƙafa. Samarin garinmu aka riƙa zaɓa, har da ƙanena, wanda bai daɗe da aure ba.

Damina ta zo, Baba ya kafa sandarsa. Gardin ya tumɓuke ta a gaban jama'a. An ce Baba bai ɗaga murya ba. Ya roƙa a bar masa gabas, a kama ta yamma. Aka yarda, amma da kifin yamma ya ja baya, suka shiga kacallar da taru. Tsuntsaye suka tashi, shekarar ba su dawo ba.

In samarin sun sauke kaya a bariki, gidanmu suke biyowa. Nakan dama musu fura, in dafa ruwan zafi su gasa wuya. Duk na san su, wasu tare muka yi wasan ƙasa. Ba wanda ya taɓa gaya mini magana. Da ma wani ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ƙanena yakan karɓi ƙwarya ya ce, “Sannu da aiki, Yaya,” ni kuwa in kasa duban gammon da ya cinye masa gashin kai.

Maigida ya gwada abin da zai iya. Ya taɓa ƙona kifin da gangan, aka mare shi, umarni kuma bai canja ba.

Da na koma gida bayan girbi, na tarar da Baba a gindin dabino yana gyaran taru. Na durƙusa na ce, “Baba, ni na jawo muku wannan.”

Bai ɗago ba. “Kyauta kika kai, 'yar nan. Uwarki ce ta ba ki, ni kuma na kamo. Wa za a kama a cikinmu?”

Na so ya yi faɗa. Sai kawai ya miƙo mini bakin tarun ya ce in riƙe masa.

Daga baya aka canja kumandan. Sabon ya ce kifin yana warin laka, aka daina kawowa, haka kawai. Sannu a hankali tafkin ya farfaɗo, Baba ya ga dawowar dinya kafin ya rasu. Ƙanena kuwa wuyansa ya riƙe, bai ƙara iya waiwaye ba sai ya juya jikinsa duka. Ya bar kamun kifi, ya koma noman albasa a bakin ruwa. Da aka haifa masa 'ya, ya aiko Damagaram cewa sunana aka sa mata. Na je sunan da turmin zane, na zauna cikin mata, aka miƙo mini jaririyar, na riƙe ta har aka watse.